TASHAR GUSAU: ƘOFAR TEKU A TSAKIYAR ZAMFARA

Wannan makon ni aka ɗora wa nauyin rubutun tarihi, kuma na zaɓi in yi magana a kan wani wuri da yawancinmu muke wucewa ta gefensa ba tare da mun waiga ba. Ina nufin tashar jirgin ƙasa ta Gusau, da reshen layin dogon da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe, ya ratsa Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda.

Kakana na wajen uwa mutumin Bunguɗu ne. Tun yana saurayi, a ƙarshen shekarun 1950, yake zuwa Gusau cin rani, yana dakon buhunan gyaɗa da dilolin auduga daga sito zuwa cikin wagunu. Har Allah Ya karɓi abinSa bai taɓa wuce Zariya ba, amma idan yana ba mu labari sai ka ji yana ambaton teku kamar wanda ya tashi a gaɓarta. Wata rana na tsokane shi na ce, "Baba Tsoho, kai da ba ka taɓa ganin teku ba, mene ne haɗinka da ita?" Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, duk buhun da munka ɗauka Ikko za shi, a sa shi jirgin ruwa. Mu ma bakin teku muke, ruwan ne dai ba mu gani."

A lokacin na ɗauka wasan kaka da jika ne. Sai bayan rasuwarsa, da na fara bin tarihin layin, na gane gaskiya ya faɗa. Gusau na nesa da gaɓar teku da sama da kilomita 1,000 idan aka bi dogo, amma domin teku aka gina tasharta. Wanda bai fahimci wannan ba zai sha wahalar gane dalilin bunƙasar garin, da dalilin da layin ya tsaya inda ya tsaya, da kuma dalilin shirun da ya yi a yau.

KAFIN DOGO, INA MUKA FUSKANTA?

Malam Muhammadu Sambo Ɗan Ashafa ne ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kafin nan, garin da ya yi suna a wannan yanki shi ne 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai da ke kusa da Tsafe, wadda mutanen jihadi suka ci a shekarun farko na yaƙin. Har gobe sarautun namu na ɗauke da wannan tarihi: Sarkin Katsinan Gusau, 'Yandoton Tsafe, Sarkin Fulanin Bunguɗu, Sarkin Kiyawan Ƙauran Namoda.

A wancan zamani fatauci da ƙafa ake yin sa. Madugu ya shiga gaba, ayari na biye, jakuna da takarkari da raƙuma ɗauke da kaya, a kwana zango a tashi. Gishiri da kanwa daga arewa suke zuwa, ta hannun Buzaye. Goro kuwa daga Gwanja ake ɗauko shi, a ƙasar da yanzu ake kira Gana, tafiyar watanni. Fatun jajayen awakin ƙasar Sakkwato sukan bi ta Kano su ƙetare hamada zuwa Arewacin Afirka, daga can su shiga Turai, inda aka riƙa kiran su fatar Maroko alhali daga wajenmu suka fito. Ke nan idan mutumin Zamfara ya yi tunanin duniya mai nisa, arewa da yamma yake kallo, sai gabas idan aikin Hajji ne. Kudu ba ta cikin lissafinsa sosai.

ME YA KAWO DOGO?

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Shekara guda kafin haka, a 1902, masu masaƙun birnin Manchesta da kewaye sun kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, wadda aka fi sani da BCGA. Damuwarsu ita ce sun dogara ga audugar Amurka fiye da kima, kuma ba su manta da wuyar da suka sha ba lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, sa'ad da auduga ta yanke, masaƙu suka rufe, ma'aikata suka shiga yunwa. Sai suka sa ido a kan Arewacin Nijeriya, inda mutane suka gaji noman auduga da kaɗi da saƙa tun kaka da kakanni.

Matsalar ita ce ɗauko kayan. Auduga da gyaɗa kaya ne masu nauyi da yawa amma kuɗinsu kaɗan ne, idan a kan jaki za a kai su bakin ruwa ribar ta ƙare a hanya. Dogon da ya taso daga Legas ya isa Ibadan a 1901. A Arewa kuma Gwamna Girouard, wanda injiniyan jirgin ƙasa ne tun asali, ya fara shimfiɗa layi daga Baro a bakin kogin Kwara, ya isa Kano a 1911. An haɗe layukan biyu, aka mayar da su ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1912. Abin mamaki, auduga Turawa suka sa rai, amma manoman Kano da 'yan kasuwarta suka ga gyaɗa ta fi riba, tun daga kakar 1912 tasha ta cika da buhunanta.

Ƙasar da audugar ta karɓa sosai ita ce ta yamma da Zariya: kudancin Katsina wajen Funtuwa, da gabashin lardin Sakkwato wajen Tsafe da Gusau. Domin wannan yanki aka yanko reshe daga Zariya, mai tsawon sama da kilomita 200, aka kammala shi zuwa Ƙauran Namoda a 1929. A shekara ta gaba, 1930, aka kai wani reshen daga Kano zuwa Nguru. A cikin waɗannan shekaru na 1920 ne kuma aka gina tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas. Ku ɗauki taswira ku duba. Babu layin da ya haɗa Gusau da Sakkwato, ko Katsina, ko Birnin Kebbi. Duk rassan suna gangarawa ne su haɗu da uwar layi, ita kuma ta miƙa bakin ruwa, kamar yadda ƙoramu ke malala cikin gulbi.

Aikin ma da hannu aka yi shi. A shimfiɗar layin Baro zuwa Kano, ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara leburori daga ƙauyuka, da yawansu ba da son ransu ba. Kakana ya ce mahaifinsa na cikin waɗanda aka ɗiba aikin diga a namu layin, kuma har tsufansa idan ya ga kwando sai ya tuna ƙasar da ya ɗauka a ka.

GARURUWA UKU, RABO UKU

Layi ɗaya ne, amma kowane gari da irin rabon da ya samu.

Gusau ita ta kwashi kaso mai tsoka. Ita ce mahaɗar dogo da hanyar motar da ta nufi Sakkwato, don haka kayan da za su shiga babban birnin lardi a nan ake sauke su, wanda zai fita kuma nan ake kawo shi. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna da sito kusa da tasha, aka kafa injin gurzar auduga, Kwara 'yan Labanan suka zo, Yarbawa da Inyamurai da Nufawa suka zo aikin reluwe da akawanci da kasuwanci. Sabon Gari ya tsiro a gefen tsohon gari. Nauyin da Gusau ta yi ya kai ga a 1938 aka turo Ahmadu Bello, bayan an naɗa shi Sardauna, ya zauna a nan yana kula da gundumomin gabashin Sakkwato. A shekarun 1960 aka kafa masaƙar Zamfara a garin. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, a Gusau aka ajiye hedikwata. A ganina, an yanke wannan hukunci tun ranar da jirgi ya fara tsayawa a Gusau.

Tsafe ta samu ƙaramar tasha. Kada a raina irin waɗannan tashoshi, domin da su layin ke numfashi. Dogon tilo ne, jirage biyu ba sa iya wuce juna sai a inda aka yi ɗan layi na biyu a gefe, ɗaya ya ratse ya jira ɗan uwansa. Injin wancan zamani kuma da kwal da ruwa yake tafiya, kwal daga Inugu, ruwa kuwa sai an riƙa ƙara masa a hanya. Ga kuma wayar tangaraho da ke bin gefen dogo, wadda da ita tasha ke sanar da ta gaba cewa jirgi ya taso. Saboda haka ƙaramar tasha takan tara 'yan ma'aikata, da masu tallar abinci, da manoman da ke kawo amfanin gona. Ta ba Tsafe kasuwa da hanyar fita, amma ba ta mai da ita Gusau ba, domin manyan kantuna da manyan dillalai suna can gaba.

Bunguɗu kuwa dogo bai bi ta cikin garin ba. Daga Gusau sai ya karkata arewa ya nufi Ƙaura, ya bar Bunguɗu a kan hanyar Sakkwato, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba. Wannan 'yar tazara ita ta mai da irin su kakana 'yan cin rani. Manomin Bunguɗu zai noma audugarsa a gida, ya ɗora wa jaki, ya kai inda sikeli yake. Ribar awo da ta dako da ta masauki duk a wani gari ake cin ta. Duk mai son rubuta labarin wannan yanki ya kamata ya riƙe wannan bambanci, domin shi ya raba gidajen da suka yi arziki da waɗanda suka yi ƙwadago.

ABIN DA KE SAUKA DA ABIN DA KE HAWA

Jirgin da ya nufi kudu yakan ɗauki auduga, gyaɗa, fatu da ƙiraga, da shanu a tsaye cikin wagunu. Wanda ya dawo yakan kawo gishiri, kananzir, atamfa da akoko, kwanon rufi, siminti, sukari, da goro. Goron nan shi kaɗai ya isa misali. Da dogo ya zo, sai noman goro ya yaɗu a ƙasar Yarbawa, Hausawa suka kafa zango a garuruwa irin su Shagamu da Agege, huhun goro ya riƙa isowa Arewa cikin kwanaki maimakon watanni. Hanyar Gwanja ta mutu a hankali, madugai suka zama tarihi. Fatun awakinmu da ke ƙetare hamada su ma suka juya suka bi Legas.

Me ya sa manomi ya karɓi wannan tsari? Wani ɓangare riba ce, wani ɓangare kuma haraji. Gwamnati ta daina karɓar wuri, ta ce sai kuɗin Bature, kuma hanya mafi sauƙi ta samun sule ita ce noma abin da kanti ke saye. A 1949 aka kafa hukumomin cinikin gyaɗa da auduga, a 1954 aka mayar da su ƙarƙashin hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukuma ce ke yanke farashi kafin kaka, wakilai masu lasisi su saya, su kai tasha. Farashin da ake ba manomi yakan gaza na kasuwar duniya, rarar kuma ta shiga asusun gwamnati. Da ita aka yi ayyuka da dama da muke alfahari da su a Arewa. Idan muna yabon waɗanda suka gina su, mu tuna da wanda ya yi noman da wanda ya yi dakon.

Har dalar gyaɗar da muke gani a hotunan Kano tana da alaƙa da jirgi. Buhuna sun riƙa taruwa ne saboda amfanin gona ya fi ƙarfin wagunu da injunan da ake da su, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai a jera su a jira layi.

Dogo bai tsaya ga kaya ba. Ya kawo wasiƙa da jarida. A Zariya, mafarin layinmu, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ya kawo agogo, domin jirgi ba ya jiran wanda ya ce zai zo da hantsi. Ya kawo ƙungiyar ƙwadago, domin ma'aikatan reluwe ne ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945 wanda Michael Imoudu ya jagoranta. Ya kuma bar mana kalmomi, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye mu masu alƙalami. Tasha, reluwe, tarago, wagunu, tikiti, fasinja, lebura, diga, sito, sikeli, kanti: duk baƙin kalmomi ne da bakin Bahaushe ya tanƙwara har suka zama 'yan gida. Yau idan yaro a Gusau ya ce za shi tasha, mota yake nufi, bai san daga wajen jirgi kalmar ta faro ba.

ME YA SA YA TSAYA A ƘAURA?

Na yi karatun difloma a Ƙauran Namoda, kuma na sha tsayawa a inda ƙarfen ya ƙare ina tambayar kaina dalili. Ƙaura wuri ne mai kyau na tara kaya daga Zurmi da Shinkafi da Isa da Sabon Birni, amma mai hankali zai ce ai Sakkwato ya kamata a kai shi.

Ku dubi shekarar da aka gama shi. A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe, tattalin arzikin duniya ya shiga mawuyacin hali, farashin auduga da gyaɗa ya faɗi warwas. Gwamnatin mulkin mallaka ta tsuke bakin aljihu. Bayan reshen Nguru da gadar Makurɗi da aka buɗe a 1932, ba a sake wani babban aikin dogo ba sai 1958, lokacin da aka fara layin Barno wanda ya isa Maiduguri a 1964. Kafin nan manyan motoci sun yi ƙarfi, ana ganin sun isa su kawo kayan Sakkwato zuwa Gusau. An sha yin alkawarin miƙa layin zuwa Sakkwato har iyakar Nijar, amma har yau birnin Shehu bai ga jirgin ƙasa ba. Wato abin da ya faru a wata kasuwa a ƙetaren teku yana cikin abubuwan da suka yanke wa layinmu tsawo.

YADDA SHIRU YA SAUKA

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, kuma shekarun da suka biyo baya su ne ganiyar layin. Daga nan abubuwa suka fara haɗuwa. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun sa ƙwararrun ma'aikata da yawa 'yan Gabas sun bar Arewa. Farin 1972 zuwa 1974 ya gigita noma, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta daina dogara da amfanin gona, ta zuba dukiya a kan tituna. Tirela na zuwa har ƙofar sito, jirgi kuwa yana kan siririn dogo mai faɗin ƙafa 3 da inci 6, da kwanoni masu yawa, da tsofaffin injuna. An kawo Indiyawa su gudanar da hukumar daga 1979 zuwa 1982, an ɗan ga sauƙi, suna tafiya aka koma gidan jiya. A 1986 aka rushe hukumomin ciniki, audugar ma ta ja baya, daga baya masaƙu suka bi sahu, har da tamu ta Gusau.

Layin da aka gina don ya kai kaya bakin teku, idan kayan suka ƙare, me ya rage masa? Fasinja bai taɓa zama ginshiƙinsa ba. An yi ta maganar gyara a gwamnatoci daban-daban, amma tsararrakina mun tashi ba mu san jiran jirgi a tashar Gusau a matsayin al'ada ba. Abin da muka sani shi ne ciyawa tsakanin ƙarafa, da 'yan kasuwa da suka matso har bakin dogo, da labarin ɓarayin ƙarfe.

Sababbin layukan zamani ma ba su biyo ta nan ba. Na Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021, kuma a 2021 aka ƙaddamar da aikin na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Mu da ke bin hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa da addu'a a baki saboda masu garkuwa da mutane, mukan ce da akwai jirgi da mun huta. Akwai gaskiya a ciki, sai dai harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, ya nuna dogo ma sai da tsaro. Kuma idan za mu nemi a farfaɗo da shi, ya kamata mu iya faɗin abin da zai ɗauka da inda zai kai shi, kada a sake gina mana layin da amfaninsa ke hannun wasu.

WANI RESHE A ƘASAR DA TA GINA NAMU

Domin kwatanci, bari mu leƙa Ingila. A can kudu maso yammacin ƙasar akwai wani ƙaramin garin masunta a bakin teku mai suna St Ives. A 1877 aka yanko masa reshe mai tsawon kilomita 7 kacal daga babban layi. Da farko kifi yake fitarwa. Da kamun kifi ya ja baya, sai jirgin ya koma kawo masu yawon shaƙatawa da masu zane-zane, garin ya sami sabuwar sana'a. A 1963 wani rahoto na Dokta Richard Beeching ya ba da shawarar rufe tashoshi sama da 2,000 a faɗin ƙasar, har da wannan reshe. An rufe da yawa, amma shi ya tsira, kuma yana aiki har yau.

Abin lura shi ne, da kayan farko suka ƙare an samar wa layin wani aikin. Sannan a can, hatta rassan da aka rufe an rubuta tarihinsu, an adana hotunan tasha da jadawalin jirage da tsofaffin tikiti. Tasharsu tana kallon ruwa, tamu tana yi wa ruwan aiki daga nesa. Tasu an rubuta ta ciki da bai. Tamu fa?

NAN NE AIKINMU YAKE

Na zauna da kakana shekaru, wayata a aljihu, ban taɓa naɗar muryarsa ko ta minti biyar ba. Ban tambaye shi nawa ake biyan dakon buhu ba, ko waƙar da suke yi idan suna lodi, ko inda suke kwana, ko abin da ya gani a 1966. Da na sani ƙeya ce. Wanda ya yi aiki a tashar nan yana ɗan shekara 20 a 1960, yau ya haura 80. Ba su da yawa, kuma kowace damina raguwa suke.

Muna rubuta labaran da ke faruwa a Dubai da Abuja, gidaje masu hawa uku da motocin da ba mu taɓa shiga ba. Ba laifi ba ne. Amma ga ɗan Bunguɗu da ya zo cin rani ya ga 'yar Sabon Gari. Ga akawun da ke danne sikeli da ƙafa, da manomin da ya gane shi. Ga iyalin da suka kwashe shekara 30 a gidajen reluwe suka tafi cikin dare guda. Ga matar da ta aurar da 'ya'yanta da kuɗin tuwon da take sayar wa fasinja a Tsafe. Waɗannan labarai suna nan a ƙofar gida ba mai taɓa su.

Ga shawarata ga mai son gwadawa:

1. Nemi dattijo ɗaya a unguwarku da ya yi aikin reluwe, ko dako, ko awon auduga, ko fataucin goro da shanu. Kada a manta da iyayenmu mata. Je da ladabi, nemi izini kafin ka kunna rikoda, rubuta ranar da kuka yi hirar.

2. Yi tambaya a kan ƙananan abubuwa: wace rana jirgi ke zuwa, me ake ci a hanya, wa ke kaɗa ƙararrawa, ina ake sayen tikiti. Daga ƙaramar tambaya babban labari ke fitowa.

3. Raba abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa. Tsofaffi ba su cika riƙe shekara da lamba ba, amma za su ce maka shekarar fari, ko zamanin wane sarki. Kai ne za ka nemo lambar.

4. Gwada abin da ka ji da takardu. Akwai Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A takardun Turawa za ka ga an rubuta Tsafe da Chafe, Kwatarkwashi kuma Kotorkoshi, kada rubutun ya ɓatar da kai.

5. Ɗauki hoton ginin tasha da allon suna da gidajen ma'aikata tun suna tsaye. Abin da ba ka tabbatar ba kada ka rubuta shi a matsayin tarihi, ajiye shi don ƙagaggen labari.

Ni na fara. Makon jiya na zauna da wani dattijo a Sabon Gari wanda ya yi aikin duba dogo da ƙafa, yana bin ƙarfe da guduma yana sauraren ƙararsa. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ka dawo da wuri, akwai saura." In Allah Ya yarda ranar Asabar zan koma.

'Yan uwa na Tsafe, Funtuwa, Ƙaura da Zariya, duk wanda ke da gyara ko ƙarin bayani, ko tsohon hoto a gidansu, ina saurare. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mun haɗu mako mai zuwa.